Digiri Ashirin

Wani dare a farkon Disamba, Minko ya ji kukan ɗan tsako a cikin ɗakin awo. Siririn kuka ne, ya yi tsiyak, ya huta, ya sake tsiyak. Minko yana zaune a ƙasa, ya jingina da ƙafar teburin dutse, bargo a kafaɗa, barci ya fara fizgarsa. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya leƙa bayan kabad ɗin duwatsun awo. Shekararsa saba'in da tara a garin Troyan, bai taɓa ganin kazar da ta ƙyanƙyashe cikin dusar ƙanƙara ba, balle a ɗakin da ko ƙuda ba ya shiga. Can ya hango wata 'yar jar fitila a jikin bango tana ƙyaftawa. A ƙarƙashinta lambobi sun nuna zafin ɗakin, digiri ashirin da ɗigo shida.

Takun ƙafa ya sauko daga bene. Surukinsa Trifon ya turo ƙofa da tocila a hannu, 'yarsa Ralitsa tana bayansa.

“Tate, me kake yi a nan?” in ji Ralitsa, haka take kiran ubanta.

“Ɗan tsako na ji.”

“Ai kai ne ɗan tsakon, Tsoho,” in ji Trifon. “Jiya na ɗaura ƙararrawar nan. Ɗakin na wuce ashirin da rabi take kuka. Tun yaushe kake ciki?”

“Yana cikin littafi,” in ji Minko.

Ralitsa ta juya ta dubi littafin shiga da ke rataye a bakin ƙofa, ba ta taɓa shi ba. Ta kama hannun uban ta miƙar da shi, ta mai da shi ɗakinsa.

Ɗakin awon nan na Minko ne da farko. Shekara arba'in yana gwada sikelin masu sayar da magani da na maƙeran zinariya da na masu cuku, yana buga hatimi idan sikeli ya faɗi gaskiya. Mutum ne mai son abin mamaki. Ya taɓa auna gashin ido ɗaya na matarsa Nedka, Allah ya ji ƙanta, ya taɓa auna sawun yatsarsa a jikin ƙarfe, don ya nuna wa Ralitsa abin da ya sa ba a taɓa dutsen awo sai da safar hannu ko hantsaki. Yakan ce duwatsun suna da iyaye a Sofiya, babban birni, shi ya sa ake kai su gaisuwa duk shekara biyu, a gwada su da na gaba da su. Da hannunsa ya fara rawa sai ya bar wa yaran. Trifon ke awo, Ralitsa ke riƙe da ƙa'idoji da takardu.

Aikin ba ya yiwuwa sai da lasisin hukumar da ke Sofiya, ita kuwa duk shekara sai ta turo mai bincike. Bana matar da aka turo, Madam Zlateba, ta buɗe kwamfuta ta dubi layin da ke nuna zafin ɗakin dare da rana. Ya kamata ya miƙe a kan digiri ashirin. Sai ta ga kullum da yamma yana yin tozo. Ta ce a nemo dalili a gyara, za ta dawo ran huɗu ga Fabrairu ta ga layin wata biyun ƙarshe ba tozo. In ba haka ba, a dakatar da lasisi.

Dalilin ba shi da nisa. Ɗakin Minko bango ɗaya ya raba shi da ɗakin awo, murhunsa na itace kuma a jikin bangon yake. Ralitsa ta cike takarda: dalili, murhu a ɗakin maƙota, gyara, an cire murhu. Minko da kansa ya karanta ya ce an rubuta daidai. A lokacin ganye bai gama zuba ba.

Washegarin daren ɗan tsako, Ralitsa ta kawo masa shayi da littafin a hammata. Ta buɗe a kan gadonsa. Dare tara a jere, ga sunansa da rubutunsa mai rawa: lokacin shiga, lokacin fita, dalilin shiga. A wurin dalili ya sa “dubawa”.

“Tate, ka shiga ka shiga, me ya kai ka rubutawa?”

“A shiga ɗakin awo ba a rubuta ba?”

“Sunanka ba ya cikin waɗanda aka yarje wa shiga. Shafukan nan da lamba suke, ba na iya yage ko ɗaya.”

“Kada ki yaga. Kada ki goge. Ni na koya miki.”

Ta ciro biro. Ta ja layi ɗaya siriri a kan sunan, yadda ana iya karanta abin da ke ƙasa, ta sa hannu da kwanan wata a gefe. Ta yi haka sau tara. Yana kallo, yana lura da cewa layinta a miƙe yake, ko rula ba ta sa ba.

“Sanyi nake ji, Rali,” in ji shi.

“Na sani. Wata biyu ne ya rage. Ran biyar ga Fabrairu Trifon zai mai da maka murhu a ɗaya bangon, da hannunsa. Zan ƙaro maka bargo.”

“Hitar lantarki fa?”

“Mun gwada, ka manta? Tana kunnuwa ƙaramin sikelin yake rawa. Wayar gidan nan ta girme ni.”

“To in kwanta a falon sama.”

“Sikelin mutane ne cike a ciki. Kayan mutane a kulle ake ajiye su, ka fi ni sani.”

Ya fi ta sani. Abin da ya fi ba shi tsoro ke nan: duk abin da suka faɗa gaskiya ne, kuma yawancinsa daga bakinsa suka ji.

A ranar Trifon ya sa wa ɗakin awo sabon makulli. Yana ɗaure ƙusa yana magana, bai juyo ba.

“Mutum ɗaya a zaune, Tsoho, zafin da yake fitarwa ya kai na babban ƙwan fitila. Kai kuma ka zo mana da bargo. In ta sake ganin tozo, shi ke nan, mu rufe. Ni in tafi Jamus ɗaukar kaya, kai kuma gidan tsofaffi na bayan tashar mota. Can akwai hita, har da mai tashin ka ƙarfe biyar ya ba ka allura.”

Ya yi dariya don a san wasa yake. Minko ma ya yi. Amma ya taɓa kai ziyara gidan tsofaffin, ya ga abokinsa ɗaure da zani a jikin kujera don kada ya zame. Da daddare ya kwanta yana ganin zanin.

Sanyi ya kankama. Aka janye gadonsa daga bangon ɗakin awo aka kai shi ƙarƙashin taga, don kada kwalbar ruwan zafin da ake sa masa ta ɗumama bangon. Da farko yana hawa bene ya ci abinci tare da su a kicin, ya daɗe yana tauna don ya daɗe kusa da wuta. Sai Trifon ya lura matakalar katakon tana girgiza tebur idan tsohon na jan ƙafa a kai, lambar ƙarshe ta sikeli ta ƙi tsayawa. Aka koma sauko masa da abinci a tire. Daga nan aka ce daga tara na safe zuwa ɗaya kada ya yi zirga-zirga a ɗaki, daɓen katako ɗaya ne da na ɗakin awo. Aka ce kada ya riƙa buɗe ƙofar waje, iska tana shigowa baranda ta taɓa ƙofar ɗakin. Ai ma titi da santsi, in ya faɗi ya karya ƙugu wa zai ɗauke shi?

Ya zama yana zaune a gado da riga uku da hula, hannu a hammata, yana sauraron ƙugin na'urar da ke riƙe zafin ɗakin awo. Wata rana ya taso a hankali ya ɗora tafin hannu a bangon. Da ɗan ɗumi, kamar cikin saniya. Ya manna kumatu. Ya manna ƙirji. Sai ya tuna da ƙwan fitila, ya ja da baya da sauri kamar ya taɓa wuta, ya tsaya yana jiran kukan ɗan tsako. Bai yi ba. Duk da haka da yamma da Ralitsa ta kawo miyar wake, ya kasa kallon idonta.

“Layin yana lafiya?” ya tambaya.

“Kamar an ja da rula.”

“To madalla.”

A daren shiga sabuwar shekara suka sauko masa da yankan banitsa mai zafi, gurasar nan mai cuku a ciki. Cikin yankansa ya sami 'yar takardar sa'a da ake ɓoyewa a ciki, an rubuta “lafiya”. Trifon ya buga masa kafaɗa ya ce ka gani, Tsoho, kai za ka binne mu duka. Da safe Minko ya miƙa hannu zai ɗauki haƙoransa na roba daga kofi, ya tarar ruwan ya yi fata ta ƙanƙara. Ya fasa da yatsa. Ya daɗe yana kallon haƙoran a ƙasan kofin, suna masa dariya.

Da Trifon ya zo wucewa ya kira shi.

“Ɗana, ara mini ma'aunin zafi ɗaya. Ko tsohon nan na gilashi. Ina so in san ɗakin nan nawa yake.”

“Kowanne da lambarsa da takardarsa, Tsoho. In ya fita daga kabad sai an rubuta inda ya je da abin da ya je yi. Me zan rubuta?”

Minko ya yi tunani, bai ga abin da za a rubuta ba.

“Kuma sanin lambar me zai ƙara maka? Ƙara jin sanyi kawai.”

Tari ya zo a mako na biyu na Janairu. Da farko busasshe, daga baya ya sauka ƙirji yana ƙara. Idan ya taso masa da safe, sai Trifon ya ƙwanƙwasa bango sau biyu daga can ciki. Minko ya koyi cusa fuska a matashi. Ya koyi ƙirga numfashi, ya riƙe tarin har sai ya ji an rufe murfin gilashin sikeli, sannan ya sake shi. Wani lokaci riƙon yakan sa ya ga taurari suna yawo a ɗakin, ƙanana, masu nauyin gashin ido.

Maƙwabciyarsu Donka, wadda mijinta ya rasu shekara goma da suka wuce, ita ta fara lura. Ta zo da kwanon kindirmo ta buga ƙofa da ƙafa, kamar yadda ta saba. Ralitsa ta buɗe kaɗan, ta tare ƙofar da jikinta.

“Inna Donka, a hankali, ana awo.”

“Kullum ana awo. Ina tsohon banzan nan? Bututun hayaƙinsa ya mutu tun Nuwamba. Ko ya yi sabuwar mata ne take ɗumama shi?”

“Yana hutawa.”

“Maƙwabci,” Donka ta ɗaga murya, “kana da rai?”

Minko ya ja jiki zuwa bakin ƙofarsa. Ya ga idon 'yarsa, jajaye don rashin barci, ya ga yadda hannunta ke riƙe da ƙofa.

“Da raina, tsohuwar mayya. Ba ki gaji da leƙen bututun mutane ba?”

“Ka zama kamar tsintsiya. Taho gidana ka ji ɗumin wuta, kujerar marigayi tana nan ba mai zama.”

“Likita ya ce hayaƙi ne ke ba shi tari,” in ji Ralitsa da sauri. “Shi ya sa muka cire murhun.”

Donka ta dubi Minko. Ba likitan da ya zo gidan.

“Haka ne,” in ji shi. “Hayaƙi ne.”

Bayan ta tafi, Ralitsa ta shigo ta zauna a bakin gadonsa. Numfashinta yana fita fari.

“In ka koma gidanta, gobe duk Troyan sun ji na kori ubana. Masu kantin magani matansu a layin burodi ɗaya suke da ita. Mako uku, Tate. Ka riƙe mini mako uku.”

“Ki kira mini likita, Rali.”

“In ya zo zai ga ɗakin ya rubuta. Zan sayo maka maganin tari mai kyau, na kwalba.”

Ta sayo, mai tsada. Ta ƙaro bargo na huɗu, na aurenta. Da ta fita ya ji tana kuka a matakala, a hankali, ita ma don kada tebur ya girgiza.

Ran ɗaya ga Fabrairu ranar bikin waliyyin da Trifon ya ci sunansa ce, kuma a ƙauyensu ranar ake yanka reshen farko na inabi a zuba masa giya a gindi. Ba ya fashin zuwa. Suka shirya tun da safe. Ralitsa ta ajiye wa uban miya a flas, ta taɓa goshinsa ta janye hannu.

“Jikinka da zafi.”

“Kin ga, na fara ɗumama kaina.”

“Kafin duhu mun dawo. Kwana uku, Tate.”

Suka kulle ƙofar bene saboda sikelin mutane, suka kulle ta waje. Mota ta tashi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya rawar sanyi ta kama shi, irin wadda gado ke motsi. Ya nemi buɗe flas, yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa. Ya ji ƙafafunsa sun yi nisa da shi, kamar an ajiye su a wani ɗaki. Tsoro ya shige shi sosai, don ya san mutanen kan tsauni sukan ce idan ka daina jin ƙafarka, barci ne ke biye. Ya kira Donka ta taga, muryar ba ta wuce gilashi ba.

Ya san inda makullin ɗakin awo yake. Nedka a saman akwatin mitar lantarki take ɓoye makulli, 'yarta kuwa ba ta taɓa ƙirƙiro maɓoya tata ba. Ya bi bango ya fita baranda, ya laluba, ga shi.

Ya yi lissafi a tsaye. Dokar ɗakin ta yarda da rabin digiri sama. Wancan daren sai da ya yi awa uku da bargo kafin ɗan tsako ya yi kuka. Yau zai bar bargon a waje. Zai zauna yana kallon lambobi, suna kai ɗigo huɗu ya fita. Ba wanda zai cutu.

Ya cire takalmi ya sa silifas ɗin ɗakin. Ya sa farar riga. Ya ɗauki biro ya buɗe littafi, ya rubuta suna da lokaci. A wurin dalili ya fara rubuta “dubawa”, ya tsaya. Ya ja layi ɗaya a kai, ya sa hannu a gefe, ya rubuta “sanyi”.

Ɗumin ya rufe shi kamar ruwan wanka. Ya zauna a wurinsa na dā, a gindin teburin dutse. Ta gilashin kabad yana hango duwatsun a cikin akwatinsu mai jan ƙyalle, daga babban kilo har zuwa 'yan ƙananan da sai da hantsaki, jere kamar iyali a hoto. Ya gaishe su da ka. Bai taɓa komai ba.

Ashirin da ɗigo ɗaya.

Yatsunsa suka fara zafi suna dawowa. Tari ya taso, ya danne shi a hannun riga, ko da yake ba mai awo.

Ɗigo biyu. Ya tuna zazzaɓi ne a jikinsa, mai zazzaɓi kuwa ya fi ƙwan fitila. Lissafinsa bai sa wannan ba.

Ɗigo uku. Ya ce bari ya tashi tun yanzu. Ya dafa ƙasa, hannun ya lanƙwashe. Ya kama ƙafar tebur, ya tuna sikelin da ke kai, ya saki. Ya sake gwadawa da gwiwa. Ƙafafun ba su amsa ba.

Ɗigo huɗu.

Ya zuba wa jar fitilar ido. Ya rage numfashi, yana ja kaɗan-kaɗan ta hanci. Ya buɗe maɓallan farar rigar, ya cire hula, ya kwanta ya manna bayansa da daɓe don ƙasa ta sha zafin. “Kada ka yi kuka,” ya ce wa ɗan tsakon. “Kwana uku ne. Kada ka yi kuka.”

Bai yi kuka ba.

Sun dawo da magariba, Trifon da rawanin ganyen inabi a hularsa. Ralitsa ce ta ga ƙofar ɗakin awo da makulli a jiki, da bargo a ninke a bakin ƙofa, da takalma a jere.

Donka ta shigo bayan motar asibiti ta zo ta ɗauki gawar Minko ta tafi ba gaggawa. Ba wanda ya ce mata ta yi a hankali. Ta tarar da Ralitsa a tsaye da littafin a buɗe, biro a hannu, tana kallon wurin da ake rubuta lokacin fita. Trifon yana gaban kwamfuta, bai ko cire hular ba. Layin ya taso daga ƙarfe goma sha ɗaya, ya hau a hankali har ɗigo huɗu, ya tsaya nan wajen awa guda. Daga ƙarfe biyu ya fara sauka, sannu sannu, ba gargada, har ya koma ashirin cif ya miƙe.

“Bai wuce ba,” in ji Trifon, ƙasa-ƙasa, kamar da kansa yake. “Bai kai rabi ba.”

Donka ta ji. Ta dube shi, ta dubi kabad na biyu, inda ma'aunan zafi suke kwance a jere, kowanne da lambarsa a wuya. Ta fita baranda ta tura ƙofar ɗakin Minko. Gado a ƙarƙashin taga, barguna uku, flas ba a buɗe ba, baƙin da'ira a bango inda bututun murhu yake a dā. Ta ɗauki kofin da ke kan kujera ta kifa shi, ba abin da ya zubo. Ta dawo da shi a hannu ta tsaya a bakin ɗakin awo, ba ta cire takalmi ba.

“Rali,” in ji ta, “na ƙirga ma'aunin zafi talatin da ɗaya a kabad ɗin can. Shi ɗakin ubanki, digiri nawa ne?”